Darasi na 7: Yadda Ƙasa Ke Shirya Yi wa Jama'a Magana Kafin Annoba Ta Ɓulla

Ranar da aka tabbatar da wata cuta mai saurin yaɗuwa, kafin motar magani ta isa ƙauye labari ya riga ta isa. Abin da mutane suka fara ji da shi za su yi aiki: ko su kai mara lafiya asibiti, ko su ɓoye shi a ɗaki. Shi ya sa ake rubuta tsarin magana da jama'a tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan nauyi doka ce ta ɗora shi. Akwai Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na shekarar 2005, waɗanda suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 2007, kuma ƙasashe 196 ne suka amince da su. Dokokin sun ce idan ƙasa ta samu rahoton wata cuta mai tayar da hankali, ta tantance shi cikin awa 48. In ta ga abin zai iya shafar wasu ƙasashe, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24. Iya yi wa jama'a bayanin haɗari yana cikin abubuwan da ake auna shirin kowace ƙasa da su.

Wa zai yi magana, wa zai sa hannu

Matakin farko shi ne kafa kwamiti. Ma'aikatar lafiya ce ke jagora, amma ba ita kaɗai ba. Ana sa ma'aikatar yaɗa labarai, da ta ilimi saboda makarantu, da ta noma da kiwo saboda cututtuka da yawa daga dabbobi suke tsallakowa, da jami'an kan iyaka, da ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross da UNICEF. Ana rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da ta wanda zai tsaya masa in ba ya nan. A riƙa duba wannan takarda duk wata uku, domin ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, lambobi kuma suna mutuwa.

Sai a zaɓi kakaki ɗaya, da mataimaka biyu, a horar da su amsa tambayoyin 'yan jarida. Ba dole ne ya zama mafi girman muƙami ba. Wanda ake so shi ne mai haƙuri da tambaya, wanda ba ya jin kunyar cewa "wannan har yanzu muna bincike."

Inda tsari ya fi lalacewa shi ne wurin sa hannu. Idan sanarwa sai ta bi tebur biyar kafin ta fita, kwana biyu sun wuce. A rubuta ƙarara cewa mutum biyu ne ke amincewa da saƙo, masanin cutar da shugaban aikin gaggawa, a kuma yanka musu lokaci, misali awa biyu.

Sanin waɗanda za a yi wa magana

Ƙasa ba kunne ɗaya gare ta ba. Kwamiti zai zauna da taswira ya amsa: harsuna nawa ake yi, kuma a ina? Mutum nawa ke iya karatu? Wace tashar rediyo ake kamawa a kowane yanki, da ƙarfe nawa ake saurare? Ina ne babu sabis na waya? Su wa ke yawo da dabbobi, su wa ke sansanin gudun hijira, su wa ke gidan yari? Kurame suna buƙatar mai fassara da hannu a talabijin, makafi suna buƙatar murya. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: a kowane wuri, maganar wa ake ji? Wani wuri limami ne ko fasto, wani wuri ungozoma ce, ko shugabar matan kasuwa, ko mai maganin gargajiya. Wannan ba a saninsa daga ofis, sai an je an tambaya.

Rubuta saƙo da gwada shi

Kowace ƙasa ta san cututtukan da suka saba dawo mata. Don haka ana rubuta saƙonninsu tun da wuri, a fassara, a naɗi muryoyi a ajiye, ranar buƙata wuri da kwanan wata kawai za a cike.

Kada saƙo ɗaya ya wuce abu uku, kuma kowanne ya zama aikin da mutum zai iya yi da hannunsa. "A kula da tsafta" ba saƙo ba ne. Ga saƙo na kwalara: a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, a wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin taɓa abinci, wanda ya fara gudawa kamar ruwa a kaɗa masa ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana sha ana tafiya da shi asibiti. A nan ma akwai tarko, domin ba kowa ya san lita ba. A nuna hoton mazubin da mutanen wurin suka sani. Ruwan da ya yi kaɗan yana sa gishirin ya yi yawa, wannan kuwa haɗari ne ga yaro.

Kafin a buga, a tara mutum takwas zuwa goma irin waɗanda aka yi saƙon dominsu, maza daban mata daban in hakan zai sa su saki jiki. Kada a tambaye su "kun gane?", kowa zai ce e. A ce: "Baba, gobe da safe me za ka yi bayan jin wannan?" Amsar ita za ta nuna ko saƙon ya shiga.

A farkon annobar Ebola a Afirka ta Yamma, saƙonni sun yi ta nanata cewa cutar kisa take yi kuma ba ta da magani. Sai mutane suka ce, to me zai kai mu asibiti? Daga baya aka gyara zuwa cewa wanda ya zo da wuri ya fi samun damar tashi.

Sanarwar farko

Ta fito a ranar, ko da bayani bai cika ba. Ta faɗi abin da aka sani, da abin da ake kan bincike, da abin da hukuma ke yi, da abin da ake so jama'a su yi, da lokacin da za a sake magana. In an ce gobe ƙarfe goma, a fito ƙarfe goma ko babu sabon abu. Kada a rage adadin waɗanda suka mutu don kwantar da hankali. Masu haƙa kabari sun san adadin.

A kuma faɗa tun farko cewa shawara na iya canzawa. A watannin farko na korona Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce masu lafiya su sa takunkumi ba. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi a cikin cunkoso. Wanda ba a gaya masa ilimin cutar yana ƙaruwa ba, sai ya ɗauka ƙarya aka yi masa da farko.

Littafin jita-jita

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda hukuma ta yi shiru nan jita-jita ke zama. A watan Agustan 2014 saƙo ya bazu ta waya a Najeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana kare Ebola. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun mutu. A Iran, a 2020, ɗaruruwa sun mutu bayan shan barasa mai guba, a lokacin da ake yaɗa cewa tana kashe korona.

Saboda haka tsari yana tanadar hanyoyin sauraro: layin waya na kyauta, shirin rediyo da ake bugo waya, masu sa ido a Facebook da WhatsApp, da 'yan sa-kai masu bi gida-gida. Duk abin da aka ji a rubuta shi a littafi ɗaya: me aka ce, a ina, yaushe, ta wace hanya, sau nawa. Kwamiti ya duba kullum in annoba ta yi zafi. Ba kowace jita-jita ake amsawa ba, domin amsa ƙaramar magana yana ƙara mata kafa. Wadda za ta iya kashe mutum ko ta hana zuwa asibiti ita ake amsawa a ranar. Wurin amsawa a fara da gaskiyar, kada a sa ƙaryar a kanun labari.

Sauraron da ba ya canza komai ɓata lokaci ne. In mutane sun yi ƙorafi sau talatin cewa motar asibiti ba ta zuwa, amsar mota ce, ba sabuwar sanarwa ba.

A yi da mutane, kada a yi a kansu

Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kama mutum fiye da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe fiye da 11,000. Gawar mai Ebola tana yaɗa cutar ƙwarai, don haka aka hana iyalai taɓa mamatansu. Baƙi sanye da fararen kaya har fuska suka riƙa zuwa suna ɗauke gawa a leda. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, gwamnati ta ba da umarnin ƙona gawawwaki a watan Agustan 2014, abin da mutanen ƙasar ba su saba ba. Sai aka koma ɓoye marasa lafiya da binne mamata a asirce, cutar ta ƙara samun hanya. A wannan watan aka sa sojoji suka killace unguwar West Point da ke birnin, aka yi arangama, aka janye bayan kwana goma. A watan Satumba, a ƙauyen Womey na Gini, an kashe mutum takwas daga tawagar da ta je faɗakarwa, har da 'yan jarida.

Abin ya fara sauƙi da aka zauna da shugabannin addini da iyalai aka tambaye su: mene ne ba za ku iya bari ba a jana'iza? Daga nan aka fito da tsarin binnewa cikin aminci da mutunci. Iyali su ga mamacinsu daga ɗan nesa, a yi masa addu'a ko salla bisa addininsa, su san inda kabarin yake. Masu binnewa suka zama 'yan yankin da aka horar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Don haka tsarin ƙasa ya rubuta cewa kafin tawaga ta shiga gari, an riga an gana da shugabanninsa. 'Yan sa-kai daga cikin garin za a ɗauka, da mata a cikinsu. Kuma ba za a killace gida ba sai an tanadi abinci da ruwa na duk kwanakin. Na Ebola kwana 21 ne. Wanda yunwa ta kama zai fita ko da soja a ƙofa. Kada kuma a laƙaba wa cuta sunan wata ƙabila ko gari, kada a bayyana sunan mara lafiya. Tsoron tsangwama yana sa a ɓuya.

Kuɗi da atisaye

A ware kuɗin wannan aiki a kasafi da sunansa: lokacin rediyo, buga takardu, fassara, katin waya, kuɗin mota da alawus na 'yan sa-kai. Jinkirin biyan alawus ya sha tsayar da aiki ana tsakiyar annoba. Aƙalla sau ɗaya a shekara a yi atisaye: a ƙirƙiri ɓarkewar cuta, a duba agogo a ga awa nawa sanarwa ta ɗauka, a buga kowace lamba a ga wadda ta shiga. Wurin auna aiki kuwa, adadin takardun da aka raba ba ya nuna komai. A duba kwana nawa mara lafiya ke yi kafin a kawo shi asibiti, da gida nawa suka ƙi buɗe wa ma'aikata ƙofa.

Aikin aji

Ku rabu gida uku. Rukuni na farko ya rubuta sanarwar farko ta ɓullar kwalara, kada ta wuce layi shida. Na biyu ya karanta ta ga mutum biyar da ba sa cikin ajin, ya rubuto abin da kowanne ya ce zai yi. Na uku ya ja layukan littafin jita-jita a takarda, ya cike shi da maganganu uku da aka taɓa ji a kan allurar rigakafi, ya nuna wadda za a fara amsawa da dalili.