Daga Maraɗi zuwa bakin tekun Benin

Da farko, ka tambaya a tasha halin da iyakar Nijar da Benin ta Gaya take ciki kafin ka sayi tikiti. Ka riƙe katin shaida da na rigakafin shawara. Kuɗi kuwa sefa ne, ba sai ka yi canji ba.

Ka bi ta Doso, Gaya, Malanbil, Paraku har Kwatano, ka kwana.

Da sassafe ka nufi Kalabi, ka shiga kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da gidajensa ke kan turaku cikin tafkin Nokuwe. Har ciniki a kan ruwa ake yi! Kada ka yi gaggawa a nan.

Washegari sai Wida, garin bakin teku inda a da aka riƙa loda bayi zuwa nahiyar Amurka.

Don Allah, ɗan'uwa, kada ka shiga teku. Igiyarsa ba irin ta Gulbin Maraɗi ba ce, tana jan mutum ciki.