Dodon Da Ya Mutu Bai Yi Magana Ba: Kurakuran Jagora A Manyan Matakan Dungeons & Dragons

Sati uku na yi ina shirya wani tsohon matsafi da ya ƙi kabari, irin wanda wasan Dungeons & Dragons ke kira lich. Wasan tebur ne na labari da dayis, ni ne jagora, wato mai tsara labarin da sarrafa dodanni. Na rubuta masa jawabi, na zana masa fada a ƙarƙashin ƙasa, har muryar da zan yi masa sai da na gwada ni kaɗai a ɗaki. 'Yan wasana huɗu suna mataki na 17. Aka jefa dayis don a san wanda zai fara, mutumina ya zo na ƙarshe. Mai sihirinsu ta saki tsafi, na yi wuf na karya shi ina murmushi. Na manta martani ɗaya tak kowace halitta ke da shi a zagaye, ke nan na ƙona damar da zai kafa garkuwarsa. Mayaƙi ya kai sara shida a jere. Barde mai rantsuwa, wato faladin, ya kai biyu, kowane da hasken nan mai ƙona matattu. Jinin lich, wato lambar da ke nuna yawan dukan da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 135 ne kacal. In ban da ɗan ƙaramin tsafi da ya harba a tsakani, babu abin da ya yi har ya zube.

Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ta saman allon da nake ɓoye takarduna ya ce, "Malam, shi ke nan? Ko akwai yayansa a ciki?"

Duk abin da zan faɗa a nan a kan dokokin bugu na biyar ne, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, don shi na fi jan ragama. Wasan ya samo asali tun 1974 a hannun Gary Gygax da Dave Arneson a Amurka, kuma kukan cewa yana kwancewa a manyan matakai ya daɗe ana yin sa. Matakai 20 ne. Daga 1 zuwa 10 lissafin littafi yana riƙe ka. Daga 11 ya fara santsi, daga 17 kuwa jagora ne da dabararsa.

Dodo ɗaya a tsakar fili

Wannan ne kuskuren da ya kashe mini lich, kuma shi ne uwar sauran. Jagora ya buɗe littafi, ya ga lambar haɗarin da ake rubuta wa kowane dodo, wadda ake taƙaitawa CR, ya ga 21, ya ce ai waɗannan 'yan mataki na 17 ne, za su sha wuya. Lambar nan tana auna yawan jinin dodo da kariyarsa da ɓarnar da zai iya yi cikin 'yan zagaye. Ba ta ƙirga sau nawa hannu zai sauka a kansa kafin shi ya ɗaga nasa. Mutum huɗu na motsi huɗu, ga ƙananan motsi na ƙari, ga martani, ga dabbobin da aka kira da sihiri. Mayaƙi a mataki na 20 yana kai hari huɗu, in ya yi yunƙurinsa na musamman su zama takwas a lokaci guda. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a kan teburin nan ma haka take.

Masu tsara wasan sun san da wannan, shi ya sa suka ba manyan dodanni motsi uku na ƙari da suke yi bayan wani ya gama nasa, da kuma motsin gida da ke faruwa a lamba 20 ta jerin farawa in an same su a maɓoyarsu. Yana taimakawa, amma bai isa ba. Gyaran shi ne kada babban ya taɓa tsayawa shi kaɗai. Ba shi fadawa biyu masu ƙwari da za su tare hanya, da tarin ƙananan da aikinsu cin lokacin 'yan wasa. Bugu na huɗu na 2008 yana da wata dabara da har yau nake aro: 'yan kore masu jini ɗaya tak, sara ɗaya su faɗi, amma dukansu yana da zafi in aka ƙyale su. Ba ka buƙatar rubuta jinin kowa, kuma mai sihiri ta ji daɗin share goma da ƙwallon wuta guda. Sannan ka duba wurin. Matsafi mai shekara ɗari takwas ba zai tsaya taku talatin daga takobi ba. Yana saman baranda, akwai rami a tsakani, akwai ginshiƙin da yake laɓewa.

Abin da yawancinmu ke yi maimakon haka shi ne ninka jini. An ga 135 ta yi kaɗan, a mayar da ita 600. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Faɗan ya tashi daga minti goma ya koma awa biyu na "na sara, ya ci, sha takwas", mutane sun koma danna waya. Ƙara jini kaɗan ba laifi, musamman ga dodanni masu sihiri da aka rubuta da jiki sanyi-sanyi. In za ka ƙara da yawa, raba shi gida biyu: da an cinye rabin farko, wani abu ya canja. Rufin ya rufta, dodon ya tashi sama, ruwa ya fara shigowa.

Faɗa ɗaya a rana

Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa a kan cewa tawaga za ta iya ɗaukar faɗa shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, a rana ɗaya ta cikin labari, da gajeren hutu kamar sau biyu. Tsakani da Allah, wa ke yin haka? Yawancin tebura faɗa ɗaya ko biyu ake yi, a je a yi dogon hutu na awa takwas, komai ya dawo cif. Mai sihiri a mataki na 17 da ta san faɗa ɗaya ne a gabanta za ta buɗe da mafi girman abin da take da shi, ruwan duwatsun wuta mai dayis 40, wanda matsakaicinsa 140 ne ga duk wanda bai kauce ba. Mayaƙi kuwa, wanda fa'idarsa ita ce ba ya ƙarewa, bai samu ranar da za a ga amfaninsa ba. Daga nan ake fara gunagunin cewa masu sihiri sun fi kowa. Sun fi ɗin, amma jagora ne ya ƙara musu.

Kada ka tsaya kana ƙirƙiro ɓarayi cikin dare don hana barci, suna da sihirin da ke kafa musu ɗaki ko gida da ba a shiga. Sa musu agogo. Za a kammala tsafin da asuba, jirgin ruwan zai tashi da azahar, rundunar tana kwana biyu daga ganuwa. Su da kansu za su ce ba lokacin hutu. In labarinka mai tafiyar hawainiya ne, na fada da siyasa, littafin yana da zaɓin da gajeren hutu ke zama awa takwas, dogon ya zama kwana bakwai. Na gwada shi, ya gyara fiye da rabin matsalata ban taɓa dodo ko ɗaya ba.

Jifan tsira da ba ya ciwuwa

Jifan tsira shi ne jefa dayis mai fuska 20 don kuɓuta daga sihiri ko wata masifa. Ba a cika lura da matsalarsa ba sai ta ɓata wa wani dare. Ƙwarewa, wato ƙarin da ake haɗawa da lambar dayis, tana tashi daga +2 zuwa +6 a tsawon matakai 20, amma a jifan tsira iri biyu kawai cikin shida yawancin jaruman wasan ke samun ta. Sauran huɗun suna nan inda suke tun mataki na farko, su kuwa lambobin dodanni suna ta hawa. Ɗauki tsohon jan diragon, mai CR 24 da jini 546. Kwarjininsa mai sa tsoro yana neman 21 a jifan hikima. Mayaƙin da ba shi da ƙari a hikima, ko 20 ya jefa bai kai ba, don a dokar 2014 jefa 20 ba ya cin jifan tsira kai tsaye. Yana da baiwar sake jifa, ya sake, ya kuma faɗi. Mutum ya hau mota ya zo, ya zauna yana kallon abokansa suna wasa.

Kafin ka kawo dodo, ɗauki takardun 'yan wasanka ka duba mafi raunin jifan kowa. In akwai faladin, da'irar da ke kewaye da shi tun mataki na 6 tana ƙara wa na kusa da shi lamba a jifan tsira, sai dai ka lura kada ka raba su kullum. In babu, buɗe wata ƙofa: aboki ya kashe motsinsa ya girgiza shi, ko ya fita daga tsoron ta karɓar rauni. Ni dai na daina yawan amfani da abin da ke ƙwace wa ɗan wasa motsi gaba ɗaya. Na fi son abin da zai sa shi zaɓi mai ɗaci, ya matsa ya sha wuta ko ya tsaya ya rasa sara.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Manyan dodanni suna da ikon mayar da faɗuwar jifa ta zama ci sau uku a rana. Ba don shi ba, sihirin kora na daraja ta huɗu zai aika diragon wata duniya a zagayen farko. Amma in ka ce kawai "ya ƙi", mai sihiri ta ji an yi mata fashi. Nuna musu cewa abu ya ragu. Lu'ulu'u uku ne a kambinsa, ɗaya ya fashe. Ko kuma ya biya da wani abu, ya rasa motsin ƙari guda a zagayen. Wasan Pathfinder bugu na biyu, na kamfanin Paizo a 2019, ya bi wata hanya: sihirin da ke kayar da abokin gaba gaba ɗaya sakamakonsa yana sauka hawa ɗaya a kan halittar da matakinta ya wuce ninki biyu na darajar sihirin. Wannan ya fi tsafta a ganina, sai dai ba a ɗauko shi a dasa a D&D haka kawai, don can sakamakon jifa hawa huɗu ne, nan biyu.

Dodon da ba ya kai hannu sama

Tarrasque, ƙaton dodon da ke cikin littafin 2014, yana da CR 30, jini 676, kariya 25, kuma ba shi da fuka-fuki ko harin nesa ko ɗaya. Maharbi mai baka na sihiri da hanyar tashi sama zai iya kashe shi yana hamma, in dai yana da kibau da haƙuri. A manyan matakai ka ɗauka kowa na tashi, kowa na ɓacewa, kowa na iya tsallaka duniya. Duk dodon da ka zaɓa ka tambayi kanka me zai yi wa wanda ke sama, me zai yi wa wanda ba ya gani. In amsar babu, ba shi dutse ya jefa. Ko ka bar shi yadda yake, ka ajiye gari a gabansa: su yi ta harbi daga sama, shi yana cin unguwa ɗaya duk zagaye.

Hana abu bayan an riga an ba da

Akwai sihirce-sihircen da ke karya wasa, ba musu. Kejin ƙarfi na daraja ta bakwai yana rufe halitta ba tare da jifan tsira ba. Akwai mai ƙera kwafin mutum da dusar ƙanƙara, wanda in aka haɗa shi da sihirin buri na daraja ta tara ana iya ta haifar kwafi ba iyaka. Kuskuren shi ne jagora ya yi shiru har a yi masa amfani da su, ransa ya ɓaci, mako na gaba ya zo da sabuwar doka. Ɗan wasan da ya yi shekara yana jiran mataki na 13 don abin nan yana da gaskiya in ya yi fushi. Tun ran gini tun ran zane. Da tawaga ta doshi mataki na 11, ku ware zama guda ba dayis, ku bi jerin sihirin daraja ta shida zuwa ta tara, ku yarda a kan biyu ko uku da za a taƙaita. Kwafi ɗaya a lokaci guda, kuma kwafi ba ya yin kwafi. Sauran ka bar musu, sun yi wahalar samun su. Ka kuma tuna abokan gaba masu wayo sun san da kejin nan, za su zo da hanyar ɓacewa ko su rarrabu.

Kayan sihiri ma haka. An gina lissafin bugun nan ba tare da dogaro da su ba, shi ya sa takobi mai +3 da sulke mai +3 ke sa dodon littafi ya yi sauƙi fiye da yadda aka tsara shi. Dokar cewa kaya uku kawai mutum ke iya ɗaurawa da ransa tana nan don taƙaita tara manyan kayan sihiri, kada ka sassauta ta. In ka riga ka yi kyauta da yawa, kada ka aiko ɓarawo ya kwashe. Ɗaga dodannin, ka ci gaba.

Mutuwa ta yi araha

Tun mataki na 5 mai warkarwa ke iya tayar da wanda ya mutu cikin minti ɗaya da lu'ulu'u na kuɗin zinari 300, kuɗin da ɗan mataki na 17 ba ya ma waiwaya in ya faɗi. Saboda haka faɗan da tambayarsa kawai "wa zai mutu" ba ya tayar da hankalin kowa. Bayan abin kunyar lich ɗina, na dawo da shi, don irinsa yana sake tashi muddin ba a fasa abin da ya ɓoye ransa a ciki ba. Wannan karon ban ƙara masa jini ko ɗaya ba. Na sa shi a saman hasumiya yana karanta tsafin da zai cika a zagaye na shida, da sarƙoƙi huɗu a kusurwoyin ɗakin da sai an tsinke su kafin makami ya taɓa shi, da 'yan kore masu hawowa ta matakala ba ƙaƙƙautawa, da 'yar sarkin garin ɗaure a jikin sarƙa ta huɗu. Mayaƙi ya tare matakala shi kaɗai. Mai sihiri ta kashe babban tsafinta wajen cire yarinyar, dodon bai samu ko kaɗan daga ciki ba. Sun tsinke ta ƙarshe a zagaye na biyar, faladin yana da jini tara. Mai tambayar ko akwai yayansa shi ne ya tashi tsaye yana jefa dayis na ƙarshe, kofin shayinsa ya kife a kan taswira.