Babi na 6: Bari hannunsa ya yi, zai fi tunawa

Kafin mu shiga karatu yau a kan mantuwar mai ciwon sikizofireniya, akwai ɗan gwaji da za mu yi a aji. Malami zai raba mu gida biyu, sai ya karanto ƙananan umarni guda 12, irin su buɗe murfin biro, taɓa kunnenka na hagu, ninke takarda, ƙwanƙwasa benci. Gida na farko su saurara kawai hannu a kan cinya, gida na biyu kuma duk abin da aka faɗa su yi shi nan take. A yi hirar wani abu daban na minti 10, sannan kowa ya faɗi nawa ya tuna. Galibi waɗanda suka yi da hannunsu su ne ke fin riƙewa, kuma ba don sun fi kaifin kai ba ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan tun farkon shekarun 1980, akwai Ronald Cohen a Kanada da Johannes Engelkamp a Jamus, kuma abin da suka samu kenan: maganar da ka aikata ta fi zama a kai a kan wadda ka ji kawai. Mu ma ai mun san haka, wa aka koya wa alwala ko tuƙa tuwo da baki zalla? Ana cewa gani ya kori ji, to yi ma ya kori gani. Dalili kuwa idan ka yi abu, ƙwaƙwalwa ba sautin maganar kaɗai take ajiyewa ba, tana ajiye motsin hannun da nauyin abin da ka ɗauka da wurin da kake tsaye, in hanya ɗaya ta toshe sai ta bi wata ta ciro shi.

Toh me ya haɗa wannan da mai ciwon sikizofireniya? Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da yawanci yake farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 yana da shi, wajen mutum miliyan 24 a duniya. Abin da mutane suka fi sani shi ne jin muryoyin da babu mai yin su, da zargin ana bin mutum ko ana son cutar da shi. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba kuma shi ne yake gajiyar da ’yan gida kullum, wato mantuwa da kasa riƙe magana. Maganin asibiti yakan kwantar da muryoyin amma mantuwar sau da yawa tana nan, sai ka ji uwa tana cewa “sau uku na gaya maka ka ɗebo ruwa, kai dai taurin kai ne da kai”, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce “wallahi Inna ban tuna ba”. Gaskiya ya faɗa. Wannan abin yana ci min rai sosai, don faɗan da ake masa ba ya ƙara masa komai sai tsoro da janyewa ɗaki.

Binciken da aka yi a kan masu wannan ciwo bai zo da amsa iri ɗaya ba, wasu sun samu aikatawa tana taimaka musu kamar kowa, wasu sun samu taimakon ya ragu. Inda aka fi samun daidaito shi ne a wata matsala daban: sukan rikice tsakanin abin da suka yi da abin da suka yi niyyar yi ko suka ga wani ya yi. Wani masani ɗan Ingila, Chris Frith, ya daɗe yana bayanin cewa a wannan ciwo alamar da ƙwaƙwalwa ke sa wa aiki cewa “ni na yi wannan” takan yi rauni. Kun ga kenan mutum zai iya rantsuwa ya sha maganinsa alhali tunanin sha kawai ya yi, ko ya sha ya manta ya sake sha, kuma duka biyun akwai haɗari.

Saboda haka aikinmu biyu ne, mu bar hannunsa ya yi, sannan aikin ya bar shaida. A ce ƙaninki ne kuma magani ake so ya riƙa sha da daddare. Maimakon ki ɓallo ƙwayar ki sa masa a tafin hannu, zauna kusa da shi, shi zai ɗauko kofin ya zuba ruwa, shi zai ɓallo ƙwayar, ya sha, ya faɗa da bakinsa “na sha na Talata”, sannan ya ɗauki biro ya ja layi a kan Talata a takardar da aka manna a bango. In anjima shakka ta zo masa ba sai an yi musu ba, a je a duba takarda, layin da hannunsa ya ja yana nan. A riƙa yi a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya, misali bayan sallar isha’i, don jiki ya saba. Sauran maganin kuma ya zauna a hannun mai kula da shi, kar a bar masa kwali guda a ɗaki.

Haka ma aike. Kar ki jero masa abu biyar kina tsaye a bakin ƙofa. Abu ɗaya ko biyu, ki miƙa masa robar man gyaɗan da babu komai a ciki ya riƙe, ya ƙirga kuɗin da kansa, ya maimaita abin da zai sayo. Robar da ke hannunsa ita za ta tuna masa in ya isa shago. In sabon aiki ne kamar ɗaure akuya ko kunna risho, ki yi sau ɗaya yana kallo sannan ki ja baya ya yi, ko da zai ɗauki lokaci, don Allah kar ki karɓe don kin ga yana nawa.

Akwai kuma motsa jiki shi kansa. A 2017 wasu masana ƙarƙashin Joseph Firth sun haɗa sakamakon gwaji 10 da aka yi da marasa lafiya 385, suka ga motsa jiki yana inganta mai da hankali da riƙe abu a kai na ɗan lokaci. Ba sai an je gidan motsa jiki ba, tafiya da sauri ta minti 30 ko tuƙa keke sau uku a mako abu ne mai yiwuwa, kuma zai taimaka wajen ƙibar da magani irin olanzapine ke jawowa. Sai dai a fita da sassafe ko da yamma kuma a sha ruwa, don waɗannan magunguna suna rage wa jiki jure zafi.

Duk wannan ba ya maye gurbin magani, kar wanda ya tsayar da shi don ya ga sauƙi. In kun lura mantuwar ta ƙaru bayan an ƙara wani magani, musamman benzhexol da ake bayarwa don rawar jiki da sandarewa, ku gaya wa likita a ranar ganin likita, a Dawanau ne ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri ko duk asibitin da kuke zuwa, shi ne zai duba ko a rage.

Aikin gida: kowa ya sami farar takarda ya rubuta ranakun mako da manyan baƙaƙe, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma’a, Asabar, ya bar fili a gaban kowace rana. Wanda yake da mai shan magani a gida ya manna ta a bango mara lafiyan ya riƙa jan layin da kansa, mako mai zuwa a zo da takardar cikin aji mu duba tare.