Tallan kaya a waya ga ɗan kasuwar Legas: ka fara sanin wa kake so ya gani

Mutanenmu da yawa a nan Legas sun buɗe TikTok da Instagram da sunan kasuwanci, kullum suna zuba bidiyo, wani ma dubban mutane ke kallonsa ana ta laik ana ta "Allah ya sa albarka Alhaji", amma ka tambaye shi nawa ya sayar ta dalilin bidiyon sai ya hau kame-kame. Ba baki aka yi masa ba, kuma kayansa ba su da laifi. Waɗanda ke kallon ne ba su ne masu sayen ba.

Ga yadda abin yake aiki. In ka ɗora bidiyo, TikTok mutane kaɗan yake fara nunawa, yana lura da yaren da ka yi, da rubutun da ka sa, da su waye suka tsaya suka kalla har ƙarshe, sai ya ci gaba da turawa irinsu. To kai da Hausa zalla ka yi magana, ina kake tsammanin zai kai ka? Kano, Kaduna, Katsina, Maraɗi, Damagaram, har 'yan uwa na Saudiyya. Mutanen kirki ne, za su yi maka addu'a, amma mutumin Kano ba zai sayi kwandon tumatir daga Mile 12 ba, ai daga wajensu aka loda shi aka kawo maka.

Don haka kafin ka sa data ka tambayi kanka, kayana a cikin Legas suke ƙarewa ko Arewa suke tafiya?

In kai mai kayan gwari ne a Mile 12, ko mahauci a Oko-Oba Agege, ko mai tsire a Obalende, ko mai raguna, ko ke mai waina da fura kike a Idi-Araba, to kwastomanku yana Lekki da Yaba da Surulere da Ikeja, mafi yawa Bayerabe ne ko Ibo ko ma'aikacin ofis da ba shi da lokacin shiga kasuwa. Da buroka za ka yi masa magana, wacce dai kake ciniki da ita kullum a rumfa, ka ɗan haɗa da gaisuwar Yarabanci in ka iya. Kuma dan Allah ka daina jin kunyar harshenka. A garin nan in ana maganar suya ko albasa ko rago, jin muryar Bahaushe ma shi ke sa mutum ya yarda kayan na asali ne, wasu kuɗi suke biya a yi musu irin wannan tallan kai kuma kyauta Allah ya ba ka. Sannan ka rubuta sunan unguwarka da sunan kayan a kan bidiyon da kuma ƙasansa, da Turanci, domin yanzu mutane a cikin TikTok da Instagram suke neman kaya kamar yadda suke nema a Google. Ka sa shagonka a taswirar Google ma, kyauta ne, da lambar waya da lokacin buɗewa.

In kuwa leshi da atamfa kake ɗauka a Balogun, ko wayoyi a Computer Village, ko kayan wuta a Alaba, kana turawa 'yan sari da masu haɗa lefe a Arewa, to kai Hausar ce jarinka, ka sake ta yadda kake so. Abin da mutumin Gusau ko Gwambe yake so ya gani shi ne da gaske kana cikin kasuwar. Ka ɗauki layin da kake sari, ka ɗauki lokacin da ake ɗaure kaya, ka ɗauki tasha a Iddo ko Agege ana lodi da sunan mai kayan a jikin buhu (amma ka rufe lambar wayarsa). Wannan ya fi masa hoto mai kyau ɗari da ka kwaso a intanet.

Maganar ɗaukar bidiyon kanta ba ta da yawa. Ka goge gilashin kyamara, ka tsaya inda haske ke dukan kayan ba bayanka ba, ka riƙe wayar a tsaye. In janareta na ƙara ko kasuwa ta cika da hayaniya ka ɗauki hoton kawai, daga baya ka ɗora murya a wuri shiru. Sakan biyu ukun farko su ne komai, kar ka ɓata su da doguwar gaisuwa da "barkanmu da warhaka masu bibiyata", kayan za a fara gani, wuƙa tana yanka nama ko hannu yana warware leshi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 kowa lissafin datarsa yake, ba mai zama ya jira ka gama gabatarwa. Kiɗa kuma ba dole ba ne, shafin kasuwanci ma ba kowace waƙa ake bari ya sa ba, muryarka ta isa.

Sai farashi, inda ni da mutane da yawa muka saɓa. Wannan ɗabi'ar ta "shigo inbos ka ji kuɗi" tana korar masu saye fiye da yadda take kawo su. Na san dalilinku, farashi na canzawa kullum kuma maƙwabcin rumfa yana leƙe. To ka faɗi kuɗin ka haɗa da ranar, "farashin yau Talata", shikenan. Maƙwabcin naka ai ya riga ya san nawa kake sayarwa, kwastoma ne kaɗai ka ɓoye wa. Mutumin Legas yana cikin danfo yana kallo, in bai ga kuɗi ba zai ɗauka tsada ce ko kuma kallon fuska ake yi kafin a yanka farashi, sai ya wuce.

TikTok da Instagram da Facebook wurin a gan ka ne, ciniki a WhatsApp yake faɗawa. Duk bidiyon da ka yi ƙarshensa ya zama mutum ya shigo WhatsApp ɗinka. Ka sauke WhatsApp Business, tun 2018 yake kuma kyauta ne, ka ba shi layinsa daban ba wanda 'yan gida ke kiranka da shi ba. A ciki akwai inda za ka jera kaya da hoto da farashi, akwai gaisuwar da ke tafiya da kanta in baƙo ya yi magana, akwai saƙon da ke cewa ka tashi ko ka tafi masallaci za ka dawo, akwai kuma alamar da za ka liƙa wa kowa, wannan ya biya, wannan yana jiran kaya, wannan ɗan sari ne. Mutane ƙalilan ne ke amfani da waɗannan, alhali su ne ke hana ka manta odar mutum.

Abin da wasu ba su gane ba game da sitatus shi ne ba ya zuwa wa mutum sai ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Haka saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci ɗaya, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Kenan duk wanda ya saya ko ya yi tambaya kawai, ka roƙe shi a mutunce ya ajiye lambarka, ka ce masa nan kake sa farashin kowace safiya. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma in ka jera hoto arba'in sai ɗigon saman nan ya koma kamar ɗinkin keke, ba wanda zai kalla, kaɗan masu kyau sun wadatar. Kada kuma ka kwashi lambobin mutane ka zuba su a guruf ba da izininsu ba, ripot za su yi maka, in ya yi yawa a rufe layin. In kana son wuri na sanarwa zalla akwai Channel da WhatsApp ya kawo a 2023, mutum da kansa yake shiga kuma ba a ganin lambar kowa.

Amsa da wuri. Wanda ya yi maka magana ya yi wa wasu biyu ko uku, wanda ya fara amsawa shi ke cin kuɗin. In hannunka ba ya samun sarari ka ba yaron shago amintacce wayar, ka koya masa yadda ake gaida mutane.

Lambobin kwastomomi kuwa ka kwafe su a littafi ko wani wuri daban, shafin nan aro ne. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 har Janairun 2022, masu kasuwanci a can sun ji a jikinsu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk suka ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya. Ga ɓarayin layi, masu kira su ce an turo maka lamba shida bisa kuskure ko za a sa ka a taron guruf ka karanto musu. Ko wa ye kar ka ba shi, kuma yau ɗin nan ka shiga saitin WhatsApp ka kunna makulli na biyu mai lambar sirri.

Tallan kuɗi fa? Yana aiki, amma kar ka sa kuɗi a bidiyon da bai kawo ko mutum ɗaya da kansa ba. Wanda ka ga ya jawo tambayoyi shi za ka tura. Wajen saitawa ka zaɓi yankin da za ka iya kai kaya, misali Ikeja da kewaye, ba Najeriya gaba ɗaya ba, kuma ka zaɓi a danna a shigo WhatsApp ba a yi laik ba. Ka sani tun Janairun 2022 akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Facebook da Instagram, sannan in ta cikin manhajar iPhone ka biya Apple na ɗora nasa kashi 30, gara ka biya ta burauza ko wayar Android. Ka fara da kuɗin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, ka bar shi 'yan kwanaki, sai ka ƙirga mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya. Duk sabon kwastoma ka tambaye shi a ina ya gan ka.

Sayen mabiya kam asara ce, kar ma ka fara.

Masu suna a TikTok da ake ba kuɗi su yi talla, nan ma dai tambayar farko ce ke dawowa. Jarumin da ke da miliyoyin mabiya a Arewa zai yi wa mai tura leshi amfani, amma ba zai sayar maka da tsire a Ajah ba. Wata mai girki a Surulere da mabiyanta ba su da yawa amma duk 'yan unguwa ne ta fi maka shi. Kafin ka biya ka ce a nuna maka garuruwan da mabiyan suke, kowane shafi yana nuna wa mai shi wannan. Ku yi magana a rubuce, bidiyo nawa, yaushe, kwana nawa zai zauna. Masu kayan mata da maganin gargajiya da man shafawa ku yi hattara sosai, dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace, ta shafi tallan intanet ma, ana so a tantance talla kafin ya fita, NAFDAC kuma tana neman lambarta a jikin irin waɗannan kaya. Kalmar "yana warkar da kaza cikin kwana uku" ita kaɗai tana iya sa Facebook ya rufe maka asusun talla.

Duk tallan nan a wajen kai kaya ake cin jarabawa ko a faɗi. Tun da aka hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland a Yunin 2022, masu babur mai akwati a baya su ne hanya, ka samu biyu ko uku da ka sani ka riƙe. Kuɗin kai kaya ka faɗa tun kafin a biya, daga Agege zuwa Ogba daban, tsallaka gadar Third Mainland zuwa Lekki daban, kuma kar ka yi alƙawarin awa ɗaya a garin da gosulo ke iya cinye uku. Kayan gwari da nama da sassafe ake fitar da su. Na Arewa kuma ka tura wa mai kaya hoton motar da lambar direba da ranar da ake sa ran isa.

Biya kuwa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da tiransifa, da banki da OPay da Moniepoint. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna sannan kaya su fita. Shi ma mai sayen tsoronka yake ji, musamman in sunan shafinka daban sunan akawun daban, shi ya sa yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da buɗe akawun da sunan yake da amfani. Baƙon da ya ƙi biya gaba ɗaya ka ce ya fara biyan kuɗin babur, sauran in kaya sun isa hannunsa. In ya karɓa ya ji daɗi ka nemi izini ka ɗora saƙonsa a sitatus, ka goge suna da lamba.

Masu raguna, kar ku bari sai saura kwana uku babbar sallah ku fara. Tun da makonni za ku riƙa nuna dabbobin, kuma ku rubuta Ileya a jikin bidiyon don da sunan Yarabawa ke nema. Kowane rago a shafa masa lamba da fenti, a ɗauke shi yana tafiya, a buɗe bakinsa a nuna haƙora, mutum ya tsaya kusa da shi don a gane girmansa. Wanda ya biya ka ce masa ragonsa lamba kaza ne, ku yi magana kan kuɗin kiwo zuwa ranar ɗauka, kuma ranar da za a kai ka sake ɗaukar bidiyon lambar a cikin mota ka tura masa kafin direba ya tashi.