Yadda ma'aikacin asibiti zai haɗa atisayen gudun yada-ƙanin-wani da aikin dare

Gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42.195 ne, kuma yawancin tsare-tsaren atisayensa na mako 16 zuwa 20 an yi su ne don mai kwana a gadonsa kullum. Nas ko likitan da ke juyi tsakanin aikin safe, na yamma da na dare, in ya bi su sau da ƙafa, zai jigata tun ba a je ko'ina ba.

Da farko, ranar da aka manna rosta, wato jadawalin aiki, a allo, ɗauki hotonta. Ita za ta tsara maka gudu, ba ranakun mako ba. Nemi gurbi uku ko huɗu a kowane mako, sun isa.

Sai ka zaɓi ranar dogon gudu, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Sa shi a rana ta biyu ta hutun da ke bin aikin dare. Ta farko ba taka ba ce, ta barci ce. Na san jarabar: ka miƙa marasa lafiya ga masu karɓar aiki, ka fito iskar safiya ta buge ka, ka ji kamar za ka iya kilomita 20. Cire safa ka duba zanen da ta bari a ƙafarka. Tsayuwar aikin dare ta riga ta karɓi rabonta. Ka karya kumallo, ka saki labule, ka kashe waya. Kofi kuwa, yanke shi tun tsakar dare, domin bayan kusan awa biyar rabin sinadarinsa yana nan a jini.

Gajerun gudu na minti 30 zuwa 40 su shiga safiyar ranakun aikin yamma. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari a mako. Gudun da ya kuɓuce maka, bar shi. Ramuwa na iya jawo ciwon gwiwa.

Mai harin gasar Legas, wadda aka fara a 2016, galibi kuma a watan Fabrairu ake yin ta, in a Kano ko Zariya yake, atisayensa zai faɗo cikin hunturu, iska busasshiya, alhali can gumi da danshi ke jiransa. Ya saba wa kansa shan ruwa yana cikin gudu.

Tun da saura wata guda, ka samu mai tsara rosta cikin ladabi, ka roƙi musanyar aikin daren makon gasa. Abokin da ya karɓar maka, ka riƙe masa nasa ranar Sallah.