Kurakuran Masu Tallata Kansu da Dabarar da Ke Jawo Hankalin Duniya

A watan Janairun 2013 wani matashi ɗan Birtaniya, Adam Pacitti, ya ɗauki fam 500 da suka rage masa ya kama allon talla a Landan, ya sa hotonsa da roƙon a ba shi aiki. Kafin ka ce kwabo hoton allon ya karaɗe Twitter, jaridu suka ɗauka, kamfanoni suka fara nemansa. Da yawa sun gwada irin wannan suka tashi a tutar babu, kuma wuraren tuntuɓen kusan iri ɗaya ne.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa allon ne ya sama masa aiki. A jikin allon akwai adireshin shafinsa na intanet, inda ya ajiye bidiyon da ya haɗa, kuma aikin kafafen yaɗa labarai yake nema. Wato dabarar da kanta shaida ce cewa ya iya abin da yake son a ɗauke shi a kai. Idan kai tela ne, dabararka ta nuna ɗinki. Idan mai zane ne, ta nuna zane. Wanda ya tara jama'a da rawa alhali aikin akawu yake nema, 'yan kallo kawai ya tara.

Sai kwaikwayo. A 2005 wani ɗalibi ɗan Ingila, Alex Tew, ya buɗe shafin intanet mai ƙananan ɗigon hoto (pixel) miliyan ɗaya yana sayar wa masu talla kowane ɗigo a kan dala ɗaya, ya tara sama da dala miliyan cikin 'yan watanni. Shafukan kwaikwayo suka fito kamar jamfa a Jos, babu wanda ake tunawa da shi yau. Haka aka yi a Najeriya bayan Hilda Baci ta yi girkin sa'o'i 93 da minti 11 a Legas a watan Mayun 2023 ta shiga kundin bajinta na Guinness: kowa ya ce shi ma zai kafa tarihi, har abin ya koma na ban dariya. 'Yan jarida wanda ya fara suke bi. Na biyu ma da ƙyar yake samun layi biyu a jarida.

Akwai kuma masu ganin dole sai kowa ya gani. Ni dai dabarar Alec Brownstein ta fi burge ni. A 2009 ya biya Google kimanin dala 6 don idan wasu manyan daraktocin kamfanonin talla na New York su biyar suka bincika sunayensu (kowa fa yana yin haka a ɓoye), saƙonsa na neman aiki ya fara bayyana musu. Huɗu suka kira shi ganawa, biyu suka yi masa tayi, ya kama aiki a kamfanin Young & Rubicam. Duniya ba ta ji labarin ba sai daga baya. Don haka ka fara rubuta sunayen waɗanda wuƙa da nama ke hannunsu, sannan ka tambayi kanka ina idonsu yake yawan zuwa.

Rashin shiri kuwa shi ke cin mutane bayan abin ya yi nasara. Kar ka sa lambar wayarka ta gida. Nemi layi daban da adireshin imel na musamman, domin 'yan damfara da masu zolaya za su cakuɗe da masu nema da gaske. Ka gwada shafinka a ƙaramar waya da raunin sabis. Ka shirya amsa gajera da hotuna masu kyau da za ka tura wa ɗan jarida nan take, don idan ka ce masa sai gobe, goben wani labarin yake bi. Kuma kar ka ƙara gishiri: idan ka ce kuɗinka na ƙarshe ne, to ya zama na ƙarshen, saboda akwai wanda ya san ka kuma zai yi magana.

Suna kuma ba takardar kama aiki ba ce. Nina Mufleh ta gina shafi mai kama da na Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, a 2015 don kamfanin ya ɗauke ta. Shugabansa ya gani, aka kira ta ganawa, amma ba a ɗauke ta ba, wani kamfani daban ta koma. Duk tayin da ya shigo a makon farko ka amsa shi, ko da ba daga inda ka sa rai ba ne, ka nemi a rubuta maka albashi da sharuɗɗa kafin ka sanar a Facebook cewa ka samu aiki.