Yadda za a tattara tarihin tsohuwar malama 'yar Tamil da ta koyar a karkararmu

Waɗanda suka yi makarantar kwana a Dambatta, Kazaure, Birnin Kudu ko Dawakin Tofa a ƙarshen shekarun 1970 suna tuna malaman da kowa ke kira 'yan Indiya. Kuɗin mai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 sun sa makarantu sun fi ƙarfin malaman gida, sai aka ɗauko na kwantiragi daga waje, yawanci don lissafi da kimiyya. Da naira ta faɗi a 1986, albashin ya daina biyan wahala, suka watse. Malamar da ke da shekara 35 a 1980 yanzu ta kai tamanin, tana da jikoki. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke son rubuta tarihinta gara ta fara tun masu ba da labarin suna raye.

Abin farko shi ne a gane daga ina take, domin ba duk mai ɗaura zanen sari irin na matan Indiya ce 'yar Indiya ba. Tamilawa, wato ƙabilar masu magana da harshen Tamil, galibi gida biyu ne: na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, wadda babban birninta Madras ya koma Chennai a 1996, da na arewaci da gabashin Sri Lanka, ƙasar da ake kira Silon kafin 1972. Idan wani ya tuna tana ambaton Jafna ko Kolombo, to ta Sri Lanka ce, kuma ba lallai ta koma gida ba. Tarzomar Yulin 1983, inda aka auka wa Tamilawa a Sri Lanka, ta buɗe yaƙin da bai ƙare ba sai 2009, shi ya sa da yawa daga Najeriya suka zarce Kanada, Ingila ko Ostireliya. Mai nemanta a Indiya kaɗai zai sha wahalar banza.

Sai suna, inda aka fi yin tuntuɓe. Tamilawa da yawa ba su da sunan zuri'a da ake gada. Mace kan haɗa sunanta da na mahaifinta, bayan aure ta haɗa da sunan yanka na mijinta. Wato "Misis" wance da ɗalibai suka sani, sunan maigidanta ne, kuma 'ya'yanta na iya ɗaukarsa ko su bar shi. Ga kuma bakin Bahaushe da ya gutsure sunan ya daidaita shi da harshensa. Saboda haka kada a dogara da ƙwaƙwalwa, a nemo shi a rubuce: sa hannunta a katin sakamakon jarrabawa, takardar shaidar kammala makaranta, mujallar makaranta, rajistar malamai, ko littafin da shugaban makaranta ke rubuta zuwan kowane malami da tafiyarsa. Harafin da ke gaban sunan ma a kwafe shi, sau da yawa shi ne farkon sunan uba ko miji. Wajen bincike a intanet a gwada rubutu iri-iri, domin suna ɗaya kan zo da t, th ko d, kamar Devi da Thevi, ko a ƙara masa h a ƙarshe, kamar Raja da Rajah. In makarantar a Jigawa take, a tuna sai 1991 aka ƙirƙiri jihar, don haka fayil ɗin malamar a ma'aikatar ilimi ta Kano aka buɗe shi. A tambaya a Dutse, a tambaya a Kano.

Kafin a taɓa intanet, a zagaya gari. Ɗalibai a aji kawai suka santa. Wanda ya san gidanta a kwatas shi ne tsohon kuku, maigadi, direban makaranta, mai kawo mata nono da ƙwai, da matar da ta yi renon 'ya'yanta. A fara gaida mai unguwa ya haɗa ku da su, a tafi da goro ko sabulu. Wajen tsohuwa a aika mace. Tambaya irin "yaya halinta?" ba ta haifar da komai sai "mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata." A tambayi abin da ido ya gani: "Baba, wane gida kuka riƙa kai mata ruwa?" "Inna, me kuka ga tana dafawa? Tana cin nama?" Daga nan za a ji labarin bishiyar zogalen bayan gidanta, yadda take tsinke dogayen 'ya'yan tana miya da su alhali mu ganyen muke kwaɗawa, ko zanen garin shinkafa da take yi a ƙofar ɗaki da sassafe. Tsoho in ya yi shiru, a bar shi, kada a cike masa gurbi.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A sa ta yanayin jirgi don kada kira ya katse, a ajiye ta kan filo kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, ba kan tabarma ba, inda kowane motsi zai shiga. Cikin ɗaki ya fi tsakar gida, kuma a kauce wa lokacin da injin niƙa ke aiki. A gwada minti ɗaya a saurara. A farkon kowane ɗauka a faɗi kwanan wata, gari da sunan mai magana, a nemi izininsa da bakinsa. Minti 40 ya isa zama ɗaya. Awa guda ba ta cika wuce megabait 60 ba, amma rubuta ta a takarda kan ci awa huɗu zuwa shida, don haka a raba aikin tun da wuri.

Hotunan ajin ƙarshe a ɗauke su da waya a inuwa, ba filasha, bayan an cire su daga gilashi. Wanda ya manne da gilashin a bar shi haka, ɓamɓarewa na tafiya da fuskokin. Kada a kai a liƙe su da roba mai zafi, ba a iya warwarewa. Sunaye a rubuta da fensir a baya, biro kan huda ya ɓullo. A WhatsApp a tura su a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse su har fuskoki su dushe. Kwafi uku: waya, katin ajiya, imel. Na takarda kuma a akwatin ƙarfe a ɗora kan dutse saboda gara.

Idan an samo iyalinta, saƙon farko ya zama gajere, da Turanci, ɗauke da sunan makaranta, shekarun, da hoto ɗaya. Kada a ambaci kuɗi ko gudummawa ko da wasa, saƙo daga Najeriya da ma da zargi ake buɗe shi. A lura da agogo: Chennai da Kolombo suna gabanmu da awa huɗu da rabi, Toronto ta Kanada tana bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Jikokin za a ji suna ce mata Paati, ko Ammamma in ta wajen uwa ce, Appamma ta wajen uba. Ku dai Malama ko Madam za ku ce. Batun yaƙi kada a tono shi sai ita ta kawo, gidaje da yawa sun yi rashi a ciki.

Idan kuma ta riga ta rasu, sanarwar rasuwa ta Tamilawan Sri Lanka kan jero garin haihuwa, ƙasashen da mamaci ya zauna, da sunayen 'ya'ya da surukai, don haka a haɗa sunan da kalmar Nigeria wajen nema. Mabiya addinin Hindu a cikinsu kan buga ɗan littafin tunawa a kwana na 31, mai ɗauke da tarihinta da bishiyar zuri'a. A roƙi kwafi, a aika musu da shafi biyu ko uku na abin da mutanen gari suka faɗa, da fassarar Turanci a gefen Hausar, da hoton gidan kwatas ɗin in yana tsaye.